Ba Kowane "Brave" Ne Jarumi Ba

A labaran yamma na wani gidan rediyo an karanto labarin wata yarinya 'yar shekara shida da aka yi wa aiki a zuciya a wani asibitin Ingila. Mai karatun ya ce likitoci sun kira ta "jarumar yarinya". A shirin wasanni da ya biyo baya kuma sai ga wata ƙungiyar ƙwallo ta "nuna jarumta", alhali ci biyu da ɗaya aka yi mata, aka yi waje da ita daga gasar.

Duk wanda ya taɓa zama da takardar Turanci yana juya ta zuwa Hausa ya san abin da ya faru. Kalma ɗaya ce a ƙarƙashin jimlolin nan biyu, wato *brave*. Mai fassara ya gan ta, ya ɗauko abin da aka sa shi ya haddace tun yana firamare: *brave*, jarumi.

Ni a ganina haddar nan kuskure ce, kuma ɓarnarta biyu. Tana hana mu gane abin da Bature yake nufi, tana kuma tsiyata Hausa, wadda take da kalmomi sun fi goma a gurbin da muke ta nanata guda ɗaya. In ma dole sai an ba ɗalibi kalma ɗaya ya riƙe, to "ƙarfin hali" ya fi "jarumta" dacewa da ita, nesa ba kusa ba.

Inda kalmar ta fito

Turanci ya aro ta daga Faransanci wajen ƙarshen ƙarni na 15, Faransanci kuma daga *bravo* na Italiyanci. Tun asali ba yabo zalla ba ce, akwai ma'anar abin da ba ya horuwa a cikinta. Har gobe a Sifen bijimin da ake wasan kasada da shi a fili *toro bravo* ake ce masa, wato mafaɗacin sa, irin wanda mahauta ke hawan ƙahonsa.

A Ingila ta taɓa ɗaukar wata ma'anar kuma: abu mai kyau, mai ƙawa. Da ita Shakespeare ya rubuta *brave new world*, sabuwar duniya mai ƙayatarwa. Aldous Huxley ya ɗauki furucin ya raɗa wa littafinsa na 1932, amma da gatse. Shi ya sa yau in jarida ta rubuta *the brave new world of* wani abu, a ce kuɗin intanet, babu jarumta a ciki ko ƙwayar zarra. Sabon yayi ake nufi, wanda ake ta zuzutawa, marubucin kuma yana ɗari-ɗari da shi. Wanda ya fassara shi da "sabuwar duniyar jarumai" ya saki hanya tun daga kanun labari.

Inda jarumta take da gurbi

A watan Yunin 2018 mahara suka afka wa wasu ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato. Limamin ƙauyen Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya ɓoye mutum sama da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da cikin gidansa, ya tsaya ya ƙi miƙa su. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi kan wannan. Jaridun Turanci sun ce masa *brave*, kuma a nan "jarumi" ta zauna daram.

A dubi abin da ya haɗu a labarin. Akwai haɗari ga rai. Akwai zaɓi, don da ya so da ya rufe ƙofarsa ya yi shiru. Akwai kuma wani da aka tsaya dominsa. In abubuwan nan uku suka haɗu, a ce jarumta ba a yi ƙarya ba.

Haka Dakta Ameyo Adadevoh a Legas cikin Yulin 2014. Ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya, duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu da cutar, ta rasu a watan Agusta. Ita ma jaruma ce, amma mai fassarar da ya san aikinsa zai ƙara da cewa ta jajirce, ta tsaya kai da fata, don abin da ta fara fuskanta matsin manya ne, ba bakin bindiga ba. Turanci yakan rufe su biyun da kalma guda. Hausa tana iya bambancewa, kuma asara ce a ƙi yi.

Inda ba ta da gurbi

Yarinyar da aka yi wa aiki ba ta zaɓi ciwon ba, faɗo mata ya yi. A asibitin Ingila ma'aikaciyar jinya za ta yi wa yaro allura, in bai yi kuka sosai ba ta ce masa *brave boy*, wani lokacin har ta manna masa 'yar takarda mai hoton tauraro a riga. Ku je ɗakin rigakafi a kowane asibitin unguwa ku ji yadda ake faɗin wannan da Hausa. Uwa ta matse ƙafafun 'yar a cinyarta tana cewa, "Haba uwata, daure mana, yanzu za a gama." Malamar asibiti ta zare allura ta danna auduga ta ce, "Yauwa 'yar albarka, kin yi ƙoƙari." In namiji ne a ce masa, "Kai, maza ba sa kuka." Babu wanda ya ambaci jarumta. Dauriya ake yabo, ita ce kuma *brave* ɗin da likitocin can suke nufi. "Yarinya mai dauriya" ya isa.

Haka abin yake a sanarwar mutuwa. Bature yakan rubuta cewa wane ya rasu *after a brave battle with cancer*, don shi jinya yaƙi ce a bakinsa. Bahaushe yakan ce ya rasu bayan ya sha fama da ciwon daji, in zai yabe shi kuma da haƙuri da tawakkali zai yabe shi. A ce "bayan yaƙin jarumta da kansa" ba Hausa ba ce, har ma tana iya sa mai saurare ya zaci mamacin da kansa yake faɗa.

Sai *put on a brave face*. Matar da mijinta ya rasa aiki, baƙi suka zo, ta kawo musu ruwa tana fara'a kamar ba komai, ita ce ta yi wannan. Mu cewa muke ta danne, ta cije, ko tana murmushin yaƙe. Fuskar ce kawai ta dake, ciki kuwa yana tafasa. "Fuskar jarumta" ba ta isar da ko rabin wannan.

Wanda ya fi yawan kayar da masu shirin wasanni shi ne *brave* idan ta zo da *attempt*, *effort* ko *display*. A mafi yawan lokaci wannan lallashi ne ga wanda bai yi nasara ba. In jarida ta ce ƙungiya ta yi *a brave display*, nemi sakamakon wasan, da wuya ka tarar ita ta ci. Hausarsa ita ce "sun taɓuka", ko "sun yi iya ƙoƙarinsu amma ba su kai labari ba". Mai saurare da ya ji "sun nuna jarumta" zai ɗauka kofi suka ɗauko.

Yabon da ba yabo ba

Nan ne dalilin da ya sa na fifita ƙarfin hali. Mutumin Ingila ba ya son faɗin magana gatsal. In ka gaya wa abokin aikinka za ka ajiye aikin albashi ka zuba duk abin da ka tara a sana'ar da ba ka sani ba, ya ɗan yi shiru ya ce *that's very brave*, kada ka yi masa godiya. Cewa yake ganganci za ka yi. A siyasar Birtaniya, in aka ce minista ya ɗauki *a brave decision*, sau da yawa nufin shi ne matakin zai iya cin kujerarsa.

Jarumta ba ta iya ɗaukar wannan gatsen, fuska ɗaya gare ta. Ƙarfin hali kuwa fuska biyu gare shi, daidai da *brave*. Ana ce wa wanda ya shiga gidan da ke ci da wuta ya fito da yaro mai ƙarfin hali. Ana kuma ce wa wanda kake bi bashin dubu hamsin tun bara, ya zo yau yana neman rancen wata ashirin, "Lallai Malam, kana da ƙarfin hali." Karin maganar ma ta gama bayani: ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Kalma ce da murya ke juya ta, kuma mai saurare Bahaushe yana jin juyin ba sai an yi masa sharhi ba.

In gatsen ya fito fili, akwai kalmomin da suka fi kaifi. Ganganci, ga wanda ya san haɗarin ya raina shi. Kasada, ga wanda ya san zai iya ci ko ya faɗi. Ƙuru, ga wanda ya rufe ido ya afka. Direban da ya shiga gadar da ruwa ya shanye, da fasinja goma sha takwas a mota, jaridar Turanci tana iya cewa *he braved the flood*. Mu in muka kira shi jarumi mun koya wa na bayansa mugun darasi.

Kurakuran ɗalibai

Misalin direban ya kawo mu ga abin da haddar firamare ba ta faɗa ba sam: *brave* takan zo a matsayin aikatau. *The traders braved the rain* na nufin 'yan kasuwar sun fito duk da ruwan da ake yi, ruwa bai hana su ba. Abin da aka jure yana bin ta kai tsaye, ba a sa wata kalma a tsakani.

Wannan yana cin maki a jarrabawa. A takardar Turanci ta WAEC akan ciro kalmomi daga nassin da aka karanta, a ce ɗalibi ya kawo wata kalmar da za ta maye gurbin kowace kamar yadda aka yi amfani da ita a wurin. Ɗalibi ya ga *braved*, ya tuna haddarsa, ya rubuta *courageous*. Ya faɗi, don sifa ya kawo a gurbin aikatau. Amsar ita ce irin su *defied* ko *endured*, kuma dole ta zo a shuɗaɗɗen lokaci kamar ta asalin. Dabarar ba ta da wuya: cire kalmar, saka taka a gurbin, karanta jimlar daga farko. In ta yi tuntuɓe a baki, amsar ba daidai ba ce.

Sauran kurakuran daga Hausa ake ɗauko su. "Yana da jarumta" ta haifi *he has brave*, alhali *brave* sifa ce, sunan shi ne *bravery*. "Shi jarumi ne" ta haifi *he is a brave*, wanda ya fi muni, don *a brave* tsohon suna ne da Turawa suka riƙa kiran mayaƙan 'yan asalin Amurka da shi, kuma yau da yawa suna ɗaukarsa raini. *He is brave* ake cewa, ko *a brave man*. *The brave* kuma jam'i ne, masu ƙarfin hali gaba ɗaya. Wajen fifiko *braver* da *bravest* ne, ba a haɗa *more* da *braver*. In za ka yaba wa mutum kan abin da ya yi, *it was brave of you* ne, ba *for you* ba.

'Yan uwan kalmar ma kowanne da tarkonsa. *Bravado* ba jarumta ba ce, burga ce da kuri, irin ta wanda ke zare ido yana cewa a sake shi alhali yana addu'ar kada a sake shi. *Bold* takan gangara zuwa tsaurin ido. *Courage* daga kalmar Latin mai nufin zuciya ta fito, amma wanda ya ce "yana da zuciya" ya ce mutumin mai saurin fushi ne, sai an ce ƙarfin zuciya tukuna ma'anar ta daidaita.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci nasu tarkon daban ne. A Faransanci gurbin kalmar ke sauya ma'anarta: *un homme brave* mai ƙarfin hali ne, *un brave homme* kuwa mutumin kirki ne kawai, bawan Allah da ba ruwansa. Turanci ba shi da wannan bambancin. Haka *bon courage* da ake ce wa mai aiki ko mai shirin jarrabawa, ba kiran yaƙi ba ne, kusan "sannu da ƙoƙari, Allah ya taimaka" ne.

"Ai kowa ya gane"

Wannan ce hujjar farko da za a kawo, kuma ba gaskiya ba ce. Mai sauraron rediyo ba ya ganin takardar Turancin. Abin da aka ba shi da Hausa shi ne labarin gaba ɗaya. In aka ce masa wani ɗan adawa ya kira matakin gwamnati "na jarumta", zai tashi da cewa ɗan adawa ya yabi gwamnati, alhali mutumin zolaya yake. An juya labari ya koma kishiyarsa, kuma babu wanda zai kira ya yi ƙorafi, don babu wanda ya san an yi.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: lokaci. Saura minti goma a shiga labarai, takarda biyar na jira, edita yana tsaye a kanka. Gaskiya ne. Sai dai tantance *brave* ba ta cin minti ɗaya ga wanda ya saba. Dubi abin da ya biyo ta. In fuska ce, dannewa ce. In yunƙuri ne ko wasa, duba sakamako. In mutum ne, tambayi kanka ko shi ya tunkari haɗarin ko haɗarin ne ya same shi, na farko ƙarfin hali ko jarumta, na biyu dauriya ko haƙuri. In shawara ce ko mataki, dubi bakin da maganar ta fito, masoyi ne ko abokin hamayya. Matsalar ba ƙarancin lokaci ba ce, rashin sanin cewa akwai abin dubawa ne.

Kuma an taɓa yin aikin da kyau. Ranar 15 ga Janairu da Najeriya ke tunawa da sojojinta, Turanci yana ta maganar *fallen heroes*, Hausa kuwa ta ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Wanda ya fara faɗin haka bai bi kalma da kalma ba, ya nemo abin da Bahaushe ke cewa ne. Ku gwada shi da sanarwar rundunar soja ta yau da kullum, inda kusan kowane soja *gallant* ne, fassara kuma ta mayar da kowa "jarumi", wanda ya yi artabu da wanda ya tsaya a shingen bincike duk ɗaya.

Akwai masu cewa kalmominmu na wannan fanni duk na maza ne, ta maza, namijin ƙoƙari, mazantaka, don haka gara jarumta da take da jarumi da jaruma. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma dauriya da juriya da jajircewa da ƙarfin hali ba su da jinsi, kuma duk wanda ya taɓa jiran mai naƙuda a bakin ɗakin haihuwa ya san wa aka fi yaba wa da dauriya.

Jarumin fim

Hujja ta ƙarshe ita ce harshe rai gare shi, kalma takan faɗaɗa, a bar jarumta ta faɗaɗa. To ai ta riga ta faɗaɗa, ta wata fuskar da ta sa maganata ta ƙara ƙarfi. A finafinan Indiya *hero* ake ce wa babban ɗan wasa, masu kallo a nan suka ce jarumi, Kannywood ta gaji sunan. Yanzu kowa jarumi ne, har mai fitowa a mugu, har mai barkwanci, har wanda ya fito sau biyu yana buɗe ƙofar gida. Ban ga amfanin yaƙi da wannan ba, ya zauna, kuma ba ya ruɗa kowa in an ce jarumin fim.

Amma a gwada rubuta kanun labari a Facebook cewa "Wani jarumi ya ceto yara uku daga gobara a Kano". Kafin a buɗe labarin, masu sharhi za su fara tambayar wane ne a cikin 'yan fim. Kalmar ta yi aiki har ta gaji. Gwarzo ma ta kama hanya, tun da ga gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ga gwarzon shekara, ga gwarzon gasar girki. Sadauki da barde suna nan da sauran kaifinsu, wataƙila don ba a cika taɓa su ba, sai dai ba a sa su a kan yarinyar da ta sha magani mai ɗaci ba ta tofar ba.

Wuri ɗaya ne har ƙwararre yakan tsaya ya yi tunani, wato inda ba a ji murya ba, rubutu kawai aka gani, kuma mai maganar bai nuna ɓangarensa ba. Masanin tattalin arziki ya ce cire tallafin man fetur *a brave move* ne, ya tsaya nan. Yana iya nufin an yi abin da ya kamata duk da zafinsa, yana iya nufin an yi kasada da rayuwar talaka, yana kuma iya nufin duka biyun, da gangan. A irin wannan "mataki na jarumta" ya sa masa yabo a baki, "ganganci" ya sa masa zagi. Sai a rubuta cewa ya ce matakin na buƙatar ƙarfin hali, a bar mai saurare da irin shakkar da mai karanta Turancin ya tashi da ita.